Akwatin da Aka Ɓoye wa Hajiya

"Wata biyu kacal fa, Sharmin. Ranar da Hajiya ta koma Kano, ni da hannuna zan dawo miki da shi inda yake."

Zubair ne ke wannan magana, yana tsaye a tsakiyar falonsu da ke unguwar Glenwood, ya kasa haɗa ido da matarsa. Ita kuwa tana zaune a ƙasa da tsohon cikinta, ta ɗora hannu a kan akwatin da ake maganar. Harmoniyam suke ce masa. Akwatin katako ne mai maɓallai farare da baƙaƙe, da zuga-zugi a bayansa, hannu ɗaya na zuga iska, ɗaya na taɓa maɓallan. Na mahaifiyarta ne. Da tsohuwar ta rasu can ƙasar Bangaladash, 'yan'uwa suka raba gwala-gwalai, Sharmin ta ce ita wannan kaɗai take so, ta yi ta fama da shi a jirage har birnin Greensboro inda suke zaune.

"Me ka faɗa mata a kaina?" ta tambaye shi a hankali.

"Gaskiya mana! Na ce ke marubuciya ce, kina kuma fassara littattafan mutanenku zuwa Turanci."

"Na ukun fa?"

Ya sosa ƙeya. Na ukun shi ne waƙa, kuma shi ne ya haɗa su. A wani taron ɗalibai ya fara jin muryarta, bai san ko kalma ɗaya ta Bangalanci ba, amma ya zauna baki buɗe har shayin hannunsa ya huce. Ya bi ta, ya nace, ya aure ta. Sai dai da ya zo yi wa mahaifiyarsa bayani a waya, bakinsa ya yi nauyi. Hajiya Bebi 'yar gidan malamai ce gaba da baya. Ita ce ta tsaya kai da fata ta rushe auren 'yar ƙaninta, don kawai an gano kakan saurayin ya taɓa kaɗa wa mahauta kalangu. Lokacin bikin Zubair ba ta samu biza ba, a waya ta ga amarya da lulluɓinta, ta sa albarka. Yanzu ga shi bizar ta fito, za ta zo jego.

"Ba ki san Hajiya ba ne," in ji shi. "A wurinta mai kiɗa maroƙi ne, ko a ina yake. Filis, ki rufa min asiri. Waƙar ma ki ɗan dakata da ita."

"Har waƙar?"

"Wata biyu ne fa, haba!"

Sharmin ta daɗe tana kallonsa, har ya gwammace ta zage shi. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko wani tsohon mayafi mai ɗinkin hannu, shi ma na mahaifiyarta, ta naɗe akwatin da shi.

"Ba ya son zafi, ba ya son danshi," ta ce. "Ka kai shi gidan Tassiou, suna da esi mai sanyaya ɗaki. Ka yi min alkawari."

"Na yi."

Ya sa shi a mota da niyyar cika alkawari, wannan kam ba za a ƙi faɗa ba. Tassiou abokinsa ne, mutumin Nijar, yana zaune a wani bene a Gate City Boulevard. Har Zubair ya yi fakin a ƙofar benen sai ya tuna da Aïchatou, matar Tassiou, wadda magana ba ta kwana a cikinta, kuma ita ce ta farko da za ta zo gaida Hajiya. Ai shi ke nan, ya juya kan mota. Ya lallaɓa ta bayan gidansu, ya buɗe ɗan ɗakin kwanon da yake ajiye injin yankan ciyawa, ya tura akwatin can lungu. Ya ce a ransa gobe zai nemo wuri mai kyau. Goben nan da ba ta ƙarewa! Da ya shiga gida Sharmin ta tambaya, ya ce Tassiou na gaishe ta.

Hajiya ta sauka ana saura mako guda a haihu. Tun daga bakin ƙofa aka fara abin dariya. Sharmin ta sunkuya da cikinta ta taɓa ƙafafun surukarta, ta shafa a ƙirji, yadda ake gaida manya a wurinsu. Hajiya ta yi tsalle gefe.

"Subhanallahi! Me ya faɗi? Kai wannan, me take nema a ƙafata?"

Haka take kiran Zubair, don ɗan fari ne, tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ya yi mata bayani. Sharmin ta ɗago ta ce da Hausarta mai ɗan karkata, "Sannu da zuwa, Mama. Yaya hanya?" Hajiya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Har da Hausa? To lallai ka yi dace, yaron nan."

Daɗi ya kama Zubair, kunya na biye da shi a baya.

Aka haifi mace, aka sa mata Salwa. Hajiya ta ɗaura ɗamarar jego kamar a tsakar gidanta na Kano. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kofi guda cur, ga yajin jego da ta ƙunso a cikin kaya. Sharmin da ba ta taɓa ganin irin wannan gashi ba ta cije, ta sha, ta yi wanka, ba ta taɓa cewa uffan ba. In ta fito daga banɗaki jajir, sai ta ce, "Na gode, Mama." In jaririya ta yi barci ta buɗe kwamfuta ta ci gaba da fassararta, Hajiya na gefe tana jan carbi tana yaba mata. Duk wadda ta zo barka sai ta ji labari.

"Surukata malama ce. Littafi take rubutawa, ba irin 'yan matan nan masu rawar kai ba."

Duk lokacin da ta faɗi haka, Zubair sai ya tsiri shiga kicin shan ruwa.

Matsala ɗaya ce, Salwa akwai kuka. Da la'asar ta yi za ta buɗe baki, sai ka ce ana yankan naman jikinta. Hajiya ta yi tofi, ta goya, ta jijjiga, ta duba cibiya, a banza. Aka kai ta asibiti, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Zubair ya san maganin, Sharmin ma ta sani. Wata tara yarinyar nan tana cikin ciki tana jin waƙa kullum yamma, rana ɗaya aka ɗauke mata. Sai Sharmin ta ɓullo da wata dabara, in kukan ya yi yawa ta ce za ta zagaya da ita a mota. Ba ta daɗewa sai ga ta ta dawo da yarinya tana barci.

"Ka ji min 'yar gayu!" Hajiya ta ce tana dariya. "Ita bayan kakarta bai yi mata ba, sai mota."

Wata ranar Talata Zubair ya taso da wuri daga wurin aikinsa a Wendover Avenue. Yana shan kwanar layinsu ya hango motar Sharmin a fake ƙarƙashin wata bishiya, nesa da gida, gilasai a rufe. Tana kujerar baya rungume da Salwa, bakinta na motsi, hawaye na bin kumatunta. Waƙa take yi, a ɓoye, kamar mai cin haram. Matar da jama'a ke cika ɗaki don su saurare ta! Zubair ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kamata ya tsaya. Bai tsaya ba, ya sunkuyar da kai ya wuce, ya kuma tsani kansa saboda wucewar.

Ga zafin Greensboro na watan Yuli, mai haɗe da danshi, wanda ko tsaye kake sai riga ta manne maka. Ga ruwan sama da iska kusan kullum yamma. Wata ranar Asabar ya shiga ɗakin kwanon ɗauko injin ciyawa, wani warin ruma ya buge shi. Ya ɗaga kai, ashe kwanon ya huje daidai saitin lungun. Ya ɗaga gefen mayafin. Katakon ya kumbura ya tsage, zuga-zugin ya yi kore shar, maɓallan sun tashi sun karkace kamar haƙoran tsoho.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Mai hankali da a nan zai ɗauko shi ya kai gaban matarsa ya durƙusa. Shi kuwa gogan naka mayar da mayafin ya yi, ya jawo kwali ya rufe, ya fito ya yanke ciyawa. Da yamma Sharmin ta ce masa, "Ka ce wa Tassiou kada ya ajiye shi kusa da taga." Ya ce to. Abinci ya daina yi masa daɗi, har Hajiya ta fara tambaya ko aikin ne ya yi masa yawa.

Ranar da za a yi arba'in Hajiya ta ce sai ta yi wa baƙi waina da miyar taushe. Da hantsi ta ce a fito mata da babbar tukunya.

"Tana ɗakin baya, bari na gama wannan in ɗauko," in ji Zubair da sauri.

"Tun ɗazu kake gama wannan. Ƙafata ba ta karye ba."

Kafin ya saka takalmi ta riga ta fice. Yana fitowa tsakar ciyawar ya tarar ta jawo akwatin waje, ta yaye mayafin, tana toshe hanci.

"Maijego! Zo ki gani, kayan waye wannan aka bari ya ruɓe?"

Sharmin ta fito da Salwa a kafaɗa. Mayafin ta fara gani. Ta tsaya cak. Ta tako a hankali ta durƙusa, ta danna maɓalli ɗaya, ya nutse bai taso ba. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ɗago ta dubi mijinta sau ɗaya, sannan ta mayar da idonta ƙasa.

"Nawa ne, Mama. Na mamana ne da ta rasu." Ta shafa mayafin. "Ni na ce a ajiye a nan. Laifina ne."

Zubair ya ji maganar ta dake shi fiye da mari. Ya ɓoye ta, ya yi mata ƙarya, ya kashe mata gadon uwa, ita kuma ga ta tana rufa masa asiri.

"Allah ya jiƙanta," in ji Hajiya. "To me ake yi da shi? Na ga kamar zuga-zugin maƙera."

Salwa ce ta amsa, ta callara kukan nan nata. Sharmin ta jijjiga ta, kukan ya ƙaru, ita ma nata hawayen na zuba. Can dai zuciya ta ci ƙarfinta, ta kifa fuskarta a kan jaririyar ta saki murya. Waƙa ce mai sanyi, tana hawa tana sauka, kuma ko kurma ya san wannan ba muryar mai koyo ba ce. Kafin ta kai ƙarshen baiti Salwa ta yi tsit, ta kama gefen mayafin uwarta.

Hajiya ta dubi jikarta, ta dubi akwatin, ta dubi ɗanta.

"Au! Motar ke nan?"

Ta juya ta shige gida, ta rufe ɗakinta. Ranar nan Aïchatou ce ta soya waina, aka ce wa baƙi Hajiya kanta ke ciwo. Sharmin ta karɓi kowa da fara'a. Bayan an watse Zubair ya same ta a falo tana goge akwatin da tsumma.

"Sharmin, sori. Wallahi na yi niyyar..."

"Abban Salwa, katako ne, ko ba daɗe ko ba jima zai lalace." Ba ta ɗago ba. "Abin da ya fi min ciwo, da muryar nan ka so ni, kuma ita kake jin kunya. In Mama ta ce ka sake ni, me za ka ce mata? Ka ga ban sani ba. Shekara uku muna tare, ban san amsar ba."

Shi ma tambayar ta tsorata shi.

Da safe Hajiya ta aika a kira shi. Ya tarar ta haɗa kayanta tsaf a bakin gado. Ya zube a ƙasa.

"Ka canja min tikiti, gida zan tafi."

"Hajiya, don girman Allah ki saurare ni. Ba ita ta ce a ajiye a can ba, ni ne. Cewa ta yi in kai gidan Tassiou, na ji tsoron kada labari ya zo kunnenki, na jefa shi a ɗakin kwano na yi mata ƙarya. Ni na hana ta waƙa. Mawaƙiya ce tun kafin in aure ta, uwarta ma haka, kuma ina sane na aure ta." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama. Amma ba zan iya rabuwa da ita ba, ko da me za a yi."

"Wa ya ce ka rabu da ita?"

Ya ɗago a firgice.

"Zubairu!"

Tunda yake bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Ni ba na son kiɗa, ba kuma yau zan fara so ba. Jiya na kwana ina juyi, na ce jikata ta fito daga tsatson makaɗa. Sai na tuna yarinyar nan kwana arba'in ina ƙona ta da ruwan zafi tana ce min na gode. Jiya a gabana ta ɗauki laifinka ta aza a kanta, ka zaci ban gane ba? To ita ce mai asali, ko kai ɗan malamai? Ka bar jinjira tana tsaga kuka kullum alhali ka san maganinta. Ka bar marainiya tana ɓuya a mota da 'yarta. Ka ɗauki abin da uwarta ta bar mata ka ba ruwan sama, duk da sunana! Ka mayar da ni dodo a gidan ɗana. Da wane ido zan kalle ta? Kunyarta ce za ta kore ni daga garin nan, ba kiɗanta ba."

Zubair ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ashe Sharmin na bakin ƙofa da kofin shayin Hajiya, ta ji komai. Ta shigo ta ajiye kofin, ta durƙusa ta kama ƙafafun surukarta. Wannan karon Hajiya ba ta janye ba.

"Mama, kada ki tafi. Uwa ɗaya na rasa, kada in rasa ta biyu."

Hajiya ta ɗago ta, ta rungume, suka yi ta kuka. Da suka natsa ta share ido da bakin mayafi, ta harari ɗanta.

"Kai kuma tashi ka ba mutane wuri. Kada ka sake zama a gabana sai ka nemo mai gyaran abin nan, ko a ina yake."

Ya nemo kuwa. Wani dattijo ne ɗan ƙasar su Sharmin a garin Raleigh, ya ga akwatin ya yi ta girgiza kai, ya yi wa Zubair faɗa da yaren da bai ji ba amma ya gane. Duk ƙarshen mako sai Zubair ya kama hanya ya je dubawa. Aka sake zuga-zugi, aka ɗaure katako, maɓallai suka dawo da murya, ban da guda ɗaya a tsakiya. Dattijon ya ce sai dai a cire na asalin a sa sabo. Sharmin ta ce a bar shi, yatsan mamanta ya taɓa shi.

Ranar da aka dawo da shi falo, Hajiya ta ɗauki carbinta ta koma baranda, ta ce ita ba da ita ba. Amma ƙofar a buɗe ta bar ta. Da aka gama ta ƙwala kira.

"Maijego! Wai me kike ce wa yarinyar nan ne take yin shiru? Tunda fassara aikinki ne, fassara min."

Sharmin ta fito ta zauna a gefen ƙafarta, ta yi ɗan tunani, ta jero mata da Hausa. "Cewa take, kogi ka lafa, kwalekwalen babanki na hanya. Na dafa shinkafa na rufe, na kunna fitila na ajiye a taga. Yi barci, in ya iso zan tashe ki."

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Shekara goma sha ke nan da rasuwar mijinta Malam, har yau in ta yi tuwo takan manta ta ɗebi nasa.

"Wannan ai ba roƙo ba ne," ta ce da ƙyar. "Sake faɗa min wurin fitilar."

Hajiya ta cika wata biyunta har ta ƙara. Haƙurin Sharmin ya ba ta abin da ƙaryar mijinta ta kusa raba ta da shi, ta samu uwa, ta samu miji da ya daina sunkuyar da kai in an tambayi sana'ar matarsa. Ku kuma samari, ku ji da kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk wanda ya ji kunyar abin da ya sa ya so mace, to kunyar da ta fi ta na jiransa a gaba. Iyaye sukan yi fushi da gaskiya su huce, amma ƙarya ko an yafe sai ta bar tabo.

Har yau kullum la'asar Sharmin na zama a falo ta jawo akwatin, Salwa na rarrafe a gabanta. In waƙar ta zo kan maɓallin nan sai sauti ya ɗauke na ɗan lokaci, muryarta kaɗai ta haye. Baƙi ba sa lura. Zubair kuwa ko yana kicin ne sai ya ji wurin, ya ajiye abin da ke hannunsa har ta wuce shi.